Ranar da Dedo Naum Ya Hau Gangata

Ku yi haƙuri da shirun da kuka ji. Wayata ta kwana biyu a hannun 'yan sanda, idona na hagu kuma sai jiya ya buɗe. Masu ta tambaya ko na cika alkawari, ku gyara zama. Wanda ya shigo yau kuma, sunana Ognen, mutumin Kicevo, ni ne makaɗin ƙungiyar rawa ta 'yan fansho a garinmu. I, tsofaffi. Ƙaramin cikinsu ya girmi babana.

Na bar makaranta ina ɗan shekara goma sha biyar. Na wanke mota, na loda katako, na yi facin taya, babu inda na cika shekara. Zama wuri ɗaya ƙaiƙayi yake sa ni, magana ɗaya kuma ta ishi hannuna ya tashi. Duk garin an san haka. Abu biyu ne kawai suka taɓa zaunar da ni: ganga, da Ilinka.

Ilinka jikar Dedo Naum ce, tsohon da ke jan gaba a rawarmu. A kantin magani take aiki. Da mutanenmu mazauna Italiya suka gayyaci ƙungiyar, ita aka ɗauka ta riƙe jakar ƙwayoyi da abin awon jini, ga shi ita kaɗai ke jin Italiyanci a cikinmu, don can ta yi firamare lokacin da marigayi babanta yake aikin gini.

Ana gobe tafiya na tarar da Dedo Naum a tsakar gida yana gasa tattasai. Na faɗi abin da ke raina. Bai ɗago ba.

"Ka je Italiya ka dawo hannunka bai taɓa kowa ba," ya ce, "sai ka turo iyayenka. In ka taɓa ko ƙuda ne, ka manta da hanyar gidan nan."

Na juya wajen Ilinka ina jiran ta sa baki. Tana ɓare tattasai, yatsunta baƙi ƙirin.

"Ni ma maganata ke nan," ta ce. "Na gaji da wanke maka ciwo, Ognen."

Haka muka shiga mota.

Bas ɗin warin tafarnuwa da man zafi take yi. Kowace tsohuwa da kwandonta: gasasshiyar kaza, dafaffen ƙwai, cuku, burodi. Kowane tsoho da kwalbar ruwa wadda ba ruwa ne a ciki ba. Kayan rawa rataye a baya cikin leda, suna lilo kamar mutane. Baba Menka, wadda ta binne maza biyu, ita ce kusa da ni.

"Ɗan ganga, karɓi ƙwai. Ka rame kamar sandar kiɗinka."

"Menka, rufe tagar nan!" Dedo Naum ya yi tsawa daga gaba. "Iska za ta kashe ni."

"Iska? Matarka ta yi shekara arba'in tana ƙoƙari ba ta iya ba."

Motar ta ɗauki dariya. Wayata ta yi motsi a aljihu. Ilinka ce, tana can gaba kusa da kakanta.

"Kana barci?"

"Baba Menka ta ɗora ƙafarta a cinyata tun muna ƙasar Sabiya."

"Karanta wannan."

Saƙon mamarta ne ta turo mini. "Ki sa koriyar rigar nan. Zlatko da kansa zai tarbe ku. Yana da kamfaninsa na gini, yana da gida, yana da takardun zama. Kada in gan ki a hoto kusa da mai gangar nan. Ki tausaya mini, ni kaɗai na raine ki."

Sai da na karanta sau uku. Gwiwata ta fara rawa da kanta.

"Me kika ce mata?"

"Na ce na manta rigar a gida."

"Tana ina?"

"Cikin akwati. Kai zan sa wa ita. Ka daina karkaɗa ƙafa, ina jin ka daga nan."

Zlatko ya tarbe mu a bakin zauren da suka kama haya, a wani ƙaramin gari kusa da Treviso. Ƙato ne, riga ta matse shi, gashi ya sha mai, ga wani zobe mai ƙaton kai a yatsa. Ya sumbaci hannun Dedo Naum. Ya sumbaci Ilinka a kumatu sau uku kamar yadda ake yi, amma a na ukun ya daɗe. Ni kuma ya kama hannuna ya matse.

"Kai ne Ognen? Labarinka ya riga ka zuwa. An ce ashana ce kai, ba ka da wuyar kunnawa."

Na yi murmushi. Haƙorana har ƙara suke yi.

Washegari Lahadi, da hantsi, na fita bayan zauren na sa gangar a rana don fatar ta miƙe. Ina jan igiya sai ga shi da ƙannensa biyu. Ya ɗora takalmi a kan fatar.

"Mamarta ta gaya min sharaɗin," ya ce. "Wai ko ƙuda. To ga ƙuda ya zo."

"Sauke ƙafarka, ɗan'uwa."

"Ni ɗan'uwanka ne? Kai da ko takardar gama makaranta ba ka da ita? Me za ka ciyar da ita, fatar akuya?"

Ya tuntsurar da giyar da ke hannunsa a kan takalmina, a hankali, har kwalbar ta ƙare. Ƙannen suna dariya. Na cusa hannuwana biyu cikin ɗamara na damƙe ta. Ku da kuka san ni, ku yi tunanin abin da na ji. Ina ganin daidai inda zan sa masa goshi, tsakanin hanci da leɓe. Sai Usta Demir, mai busa mana algaita, wanda ya koya min kiɗa, ya leƙo daga ƙofa.

"Yaro, ana neman ka." Ya dubi Zlatko sama da ƙasa. "Kai kuma, ganga ba tabarmar ƙofa ba ce."

Da azahar zaure ya cika. Teburori dogaye, gasasshen rago, yara suna guje-guje, matan da suka shekara ashirin ba su ga gida ba suna kuka tun kafin a fara. Tsofaffinmu suka fito fes. Maza da farin wandon ulu mai baƙin zare a gefe, jar ɗamara, 'yar shara baƙa, takalmin fata mai lanƙwasasshen baki. Mata da riguna masu aiki har ƙasa, kuɗin azurfa jere a ƙirji, ɗamarar kowacce da ƙaton ƙarfen azurfa a gaba. Ilinka tana tsaye gefen ƙofa cikin koriyar riga, jakar magani a kafaɗa. Ta ɗaga min gira. Na kusa manta sandata.

Mata suka yi nasu, aka yi tafi. Sai aka zo rawar da muke kira mai nauyi, wadda maza kaɗai ke yi. A wannan rawa makaɗi ba ya ja, bi yake yi. Idona yana kan ƙafar Dedo Naum. In ya ɗaga ta sai in jira, ko zai kwana a haka, sai ta sauka sannan in buga. A ƙarshe makaɗi ya kwantar da ganga a ƙasa, mai jan gaba ya hau kanta, ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya durƙusa a kai ya miƙe. Shekarar Dedo Naum saba'in da shida, an taɓa yi masa aiki a ƙugu, amma duk wanda ya ce masa ya bar hawa ganga ya sha zagi.

A gida a kan ƙasa ake yi, ganga ta nutse ta zauna. Nan kuwa tayil ne mai santsi, an goge shi yana ƙyalli. Babu wanda ya yi tunanin haka a cikinmu. Yana ɗora ƙafa na ji gangar ta zame. Na yar da sanda, na faɗi a gwiwa, na rungume ta da hannu biyu, na tokare da cinya. Ya hau. Ya ɗaga ƙafa ɗaya, hannu ɗaya a kafaɗar na bayansa, idonsa a rufin ɗaki. Algaita kaɗai ke tashi. Nauyinsa duka yana hannuna. Na san in na saki ko yatsa ɗaya, ƙugun nan ba zai sake haɗuwa ba.

Zlatko ma ya gane haka.

Kun san al'adarmu, wanda kiɗa ya yi wa daɗi yakan jiƙa takardar kuɗi da yawu ya manna wa makaɗi a goshi. Makaɗi ba ya ƙi, ba ya kau da kai. Na gan shi ya taso yana ɗaga takarda sama don kowa ya gani. Ya tofa mata yawu, ya kai min ita da tafin hannu gaba ɗaya. Tas! Kaina ya koma baya, gangar ta girgiza. Jama'a suka ɗauki shewa, wai Zlatko mai kyauta ne.

Ya zaro ta biyu. Na ga ya juya zoben, kan ya koma cikin tafin hannunsa.

Wannan ta fasa min gira. Ban ji zafi ba da farko, ɗumi na ji yana gangarowa cikin ido. Ta saman itacen gangar na ji ƙafar tsohon tana rawa tana neman daidai. Na ƙara ƙanƙamewa.

Ya sunkuyo kamar zai yaba min. "Saki mana," ya ce a kunnena. "Saki ka rama, ɗan ganga. Ko ka zama mace?"

Ta uku a hanci ta sauka. Na ji ƙaras. Jini ya zubo a farar fatar gangar, ya bi igiya. Shewar ta fara raguwa, na gaba sun soma gani. Can na hango Ilinka tana ture kujeru, uwar Zlatko ta riƙe mata hannu tana dariya, tana ce mata wasa ne na maza. Usta Demir idonsa a rufe, kumatu a kumbure, bai san abin da ake ciki ba. Ta huɗu, ta biyar, ban ƙara sanin lissafi ba. Abin da na sani kawai, yatsuna sun shige cikin igiya har sun mutu, kuma a raina ina ta faɗin sunanta kamar mai addu'a.

Sai Dedo Naum ya fara durƙusawa. A hankali, a hankali, kamar yadda rawar take, har fuskarsa ta zo daidai tawa. Ya sauke ido daga rufin ɗaki. Ya ga takardu manne da jini. Ya ga hannuwana. Ya ga Zlatko da zobe.

Bai yi gaggawa ba, na rantse muku. Ya miƙe ya ƙarasa rawarsa, ya sauko da ƙafar dama kamar yadda aka koya masa tun yana yaro. Sannan ya sunkuya ya ɗauki sandata, mai kaurin nan mai lanƙwasasshen kai.

"Ɗan wa kake?" ya tambayi Zlatko.

Zlatko ya buɗe baki zai yi dariya. Sandar ta same shi a saman kunne. Na buga ganga shekara tara, ban taɓa jin ƙara irin wannan ba. Ya tafi gaba ɗaya kamar buhun siminti, kansa ya daki tayil.

Daga nan zaure ya kife. Ƙanin Zlatko ya hankaɗe tsoho na biyu a layi, ya faɗa kan tebur, rago da kwalabe suka watse. Baba Menka ta kwance ɗamararta, ta naɗe a hannu, ta kai wa yaron ƙarfen azurfar a baki. Na ga haƙori ya yi tsalle.

"Uwarka ba ta koya maka ba, ni zan koya maka!"

Tsofaffin da na ɗauko daga bas kamar ƙwai, su ne da kujeru a sama. Wata mai ciwon suga ta kama gashin uwar Zlatko. Usta Demir ya soke algaita a hammata yana rabon shuri. Yara suna ihu a ƙarƙashin tebur. Ɗaya ƙanin ya nufo Dedo Naum da fasasshiyar kwalba. Na yi tsalle na kayar da tsohon, na kwanta a kansa, na fizge sandar daga hannunsa. Kwalbar ta yanki kafaɗata. Takalma suka yi ta sauka a haƙarƙarina. Sanda tana hannuna, ƙafar mai shurina tana gaban idona, bugu ɗaya a gwiwa ya ishe shi. Ban ɗaga ba. Ina so ku rubuta wannan ku ajiye: ban ɗaga ba.

Da 'yan sanda suka shigo, kowa ya sa wayarsa a aljihu. Mutanenmu ba sa ba hukuma komai, ko a gida ko a waje. An fita da Zlatko a gadon asibiti, bai motsa ba. Dedo Naum yana kan kujera, leɓɓansa sun yi shuɗi, Ilinka ta sa masa ƙwaya a ƙarƙashin harshe. Ni kuwa ina tsaye, jini har ɗamara, sanda a hannu.

Ƙanin da ya rasa haƙori ya nuna ni. Uwarsu ma ta nuna ni. Ba za su taɓa yarda a ji a Kicevo cewa tsoho ne ya kayar da ɗansu ba, ga shi kuma dama ni suke so. Babban ɗan sandan ya ga tsofaffinmu ba sa jin yarensa, ya juya wajen Ilinka. Ban ji kalmominsa ba, amma na san tambayar.

Ta dubi kakanta, yana numfashi da ƙyar, bai san me ake cewa ba. Ta dube ni. Koriyar rigar duk ta ɓaci. Na gyaɗa mata kai. Ta girgiza nata. Na sake gyaɗawa.

Ta faɗi sunana.

Kwana biyu na yi a wurinsu. Aka ɗinke min gira da kafaɗa, aka gyara hanci. Da safen Talata suka sake ni, suka riƙe fasfo, suka ce in jira alƙali. Zlatko ya farfaɗo, ƙashin kansa ya tsage amma yana magana, har yana zagi. Suna miƙo min waya na kunna. Saƙon mamata ne ya fara shigowa: "Ka kashe ni, Ognen. Duk gari ya ji." Na wuce shi. Na Ilinka yana ƙasa, bai daɗe da shigowa ba.

"Baba Menka ta yi suɓul da baka, Dedo ya ji kai aka kama. Ya fita tun ɗazu ba mu gani ba, bas tana shirin tashi. Wurin 'yan sanda zai zo. Zuciyarsa ba za ta ɗauki kwana ɗaya a kulle ba. Ka tare shi, don Allah, ko ta yaya."

Na fito bakin ƙofa, sai ga shi yana tsallako dandali. Ya sa kayan rawarsa cif, farin wando, jar ɗamara, hula. Haka mutanen da suke zuwa gaban hukuma. Italiyawa masu shan kofi suna ta kallonsa. Na tsaya a kan matakala.

"Matsa," ya ce.

"Ina kwana, Dedo."

"Na ce matsa. Ni na buga, ni zan faɗa. Ban taɓa ɓuya a bayan yaro ba."

"Da wane yare za ka faɗa musu?"

"Zan nuna musu a kanka!"

Ya zabga min mari a kan ɗinkin. Na ga taurari. Na tsaya. Ya ƙara min wani.

"Kai wane irin jaki ne? Za su ɗaure ka!"

"Ni ina da shekarun da zan ba su, Dedo. Kai fa?"

Ya ture ni zai wuce. Na hango bas ɗinmu ta shawo kwana a ƙarshen dandali, Ilinka a tsaye a ƙofa. Na ce a raina, Ognen, abin da zai faru ya faru. Na sunkuya na sa kafaɗa a cikinsa na ɗaga shi sama. Bai kai nauyin gangata da akwatinta ba.

"Sauke ni! Ɗan banza! Ka taɓa ni! Kowa ya shaida, ya taɓa ni, ya karya sharaɗi!"

"Na karya, Dedo."

Yana dukan bayana da hannu biyu, hularsa ta faɗi, wata mata ta tsinta ta biyo mu da gudu. Ɗinkin kafaɗata ya buɗe, ina jin jini yana bin hannuna. Na hau matakalar bas na dire shi a kujerarsa. Baba Menka, leɓe a kumbure, ta zauna a bakin kujerar ta toshe hanya da jikinta.

"Motsa in gani, tsohon ɗan dambe."

Dedo yana haki, yana kallon taga, ya ƙi duba na. Na juya zan sauka. Zuciyata ta riga ta gama cewa shi ke nan.

"Menka," ya ce, har yanzu fuskarsa a taga. "Abin da ya rage na kaza, ki ba surukin nan nawa. Shi kaɗai za mu bari a ƙasar mutane."

Ban san yadda na sauka ba. Ilinka ta biyo ni ƙasa da kwandon, ta danna min auduga a kafaɗa da ƙarfi har na yi ƙara. Wayarta tana ta ruri a aljihu, mamarta ce, ba ta ɗauka ba.

"Na ce na gaji da wanke maka ciwo."

"Wannan ba ni na nemo ba."

"Na gani." Ta share ido da bayan hannu. "Zan kai shi gida in dawo kafin ranar alƙali. Ka zauna a ɗaki, Ognen. Ka ji ni? Ka zauna."

Yanzu ina ɗakin wani ɗan'uwan Usta Demir, a hawa na biyu, ganga a gefen gado, ban wanke fatar ba. Lauyan da aka ba ni ya ce da raunukan da ke jikina, in ban sake shiga wata rigima ba, mai yiwuwa a kore ni gida kawai. In kuwa na sake, takardar tuhumar da ke gaban alƙali ta zama gaskiya.

Tun jiya wata farar motar aikin gini take tsaye a ƙasan tagata. Mutum uku ne a ciki, ɗaya ƙanin Zlatko ne da bandeji a baki. Ba su hawo ba. Ɗazu mai bandejin ya ɗago kai ya gan ni, ya yi min hannu.

Taba ta ƙare min tun safe, kantin kuma yana bayan motarsu.